Tatsar Roba Daga Dajin Amazon Zuwa Gandayen Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

Akasarin masu hawa mota ba su taɓa ganin itacen roba ba, balle mai tatsarsa. An tattaro tambayoyin nan ne daga waɗanda ɗalibai, masu sha'awar noma da masu bibiyar tarihi suka fi yawan yi. An fi ba da ƙarfi a kan dajin Amazon na ƙasar Barazil, domin can ne mahaifar itacen, can ne kuma sana'ar ta zama rayuwar al'umma sukutum. Amsoshin farko sun shafi aikin kansa, na gaba kuma tarihinsa da abin da ya bari.

Wace robar ake nufi, ta bokiti ko ta taya?

Ta taya. Bokiti da leda da kujera da buta duk daga sinadaran man fetur ake yin su. Wadda ake magana a kai a nan wani ruwa ne fari sol mai kauri da ke kwance cikin ɓawon itacen da masana ke kira Hevea brasiliensis. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan roba ne zalla. Idan ya daskare ya bushe sai ya zama abu mai danƙo, a ja shi ya miƙe, a sake shi ya koma yadda yake. Kimanin kashi 70 cikin 100 na robar itace da duniya ke samarwa taya ake yi da ita, sauran kuma safar hannu ta likitoci, bel ɗin inji, ƙasan takalmi da makamantansu.

Su wa suka fara amfani da ita?

Mutanen asali na nahiyar Amurka, tun kafin Turawa su san da nahiyar. A wani wuri da ake kira El Manatí a Meziko an tono ƙwallayen roba da suka kai kimanin shekara 3,600. Su daga wani itace daban suke samun ruwan, Castilla elastica, suna haɗa shi da ruwan wata ciyawa mai yaɗo don ya yi ƙarfi. Mutanen Amazon kuma suna shafa ruwan Hevea a tufa da mazubai don kada ruwa ya ratsa.

Turawa sun daɗe suna ganin abin ba su san yadda za su yi da shi ba, saboda da zafi ya narke ya yi wari, da sanyi ya ƙage ya farfashe. Sai a 1839 Charles Goodyear a Amurka ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta takan tsaya daram. A 1888 John Dunlop ya fito da tayar keke mai iska a Belfast, motoci suka biyo baya. Daga nan ne ruwan wani itacen daji ya koma abin da ake kashe mutane a kansa.

Yaya ake tatsar itacen?

Da wuƙa ta musamman mai lanƙwasasshen baki. Mai tatsa ba sara yake yi ba, fiffigar ɓawon yake, siririya ƙwarai, abin da bai wuce milimita biyu ba a kowane zuwa. Tsagar kan zagaye rabin jikin itacen ne kawai, a karkace, daga hagu a sama ta gangaro dama a ƙasa. Akwai dalili: jijiyoyin da ke ɗauke da ruwan sun ɗan karkata ne ta ɗaya ɓangaren, don haka tsagar da ta gangaro dama takan yanke jijiyoyi masu yawa fiye da wadda ta gangaro hagu. A ƙarshen tsagar akan soka ɗan ƙarfe mai kwari a matsayin indararo, ƙoƙo na rataye a ƙarƙashinsa.

Inda gwaninta take shi ne zurfin. Jijiyoyin da suka fi ruwa suna can ciki, dab da wata siririyar fata da ke tsakanin ɓawo da itace, wadda ita ce ke tsirar da sabon ɓawo. Wanda ya yi sama-sama ba zai sami ruwan kirki ba. Wanda ya zurma har ya taɓa fatar nan kuwa ya ji wa itacen ciwo, wurin zai warke da ƙullutu, ba zai ƙara tatsuwa da kyau ba. Tazarar da ke tsakanin kuskuren biyu kusan milimita ɗaya ce, kuma a cikin duhu ake aikin. Shi ya sa mai gona kan san hannun ma'aikacinsa ta kallon tsohon tabo: na gwani sumul yake, na ɗan koyo duk gargada.

Kafin ya sa wuƙa, sai ya fara zare busasshen zaren robar da ya daskare a tsagar ranar baya, ya jefa a jaka, don shi ma kuɗi ne. Idan ya fiffige, sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo sun tsattsafo, sun haɗu, sun bi kwarin sun sauka ƙoƙo. Shi kuwa tuni ya wuce itace na gaba.

Me ya sa sai da asuba ko cikin dare?

Saboda a lokacin itacen a cike yake da ruwa. Da dare ganye ba ya fitar da danshi, jijiyoyin sai su cika su kumbura, ana tsagawa ruwa ya yi ta zuba. Rana na ɗagawa ƙarfin zubar sai ya ragu, zafi kuma ya sa bakin tsagar ya toshe da wuri. A kudancin Tailan da yawa kan fita tun ƙarfe ɗaya ko biyu na dare da fitila a goshi. Ruwan kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu yana ɗiga, sai a dawo da bokiti a kwashe. Babban abokin gaba shi ne ruwan sama. Idan jikin itacen ya jiƙe, ruwan robar kan bar kwarinsa ya bazu, ƙoƙon kuma ya cika da ruwa. Don haka a jihar Kerala ta Indiya suke ɗaura wa itatuwa 'yar rumfar leda a saman tsagar da damina.

Itacen ba ya mutuwa saboda yawan tsaga?

Idan an bi ƙa'ida, a'a. Ruwan robar daban yake da ruwan da ke ciyar da itacen, kuma itacen na sake yin wani cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ake tatsa yau a tsallake gobe, wasu ma sai bayan kwana uku. Ba a fara sa wa itace wuƙa sai ya shekara biyar zuwa bakwai, kaurin jikinsa ya kai santimita 50 idan an zagaya shi da awo. Ana bin gefe ɗaya daga sama zuwa ƙasa na wasu shekaru, sannan a koma ɗaya gefen, kafin a dawo na farko ya yi sabon ɓawo. A gandu itace kan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki kafin a sare shi a yi katako. A daji kuwa akwai itatuwan da jika ke tatsa alhali tabon wuƙar kakansa na jikinsu.

Kwaɗayi ne ke kashe shi. Tsaga kullum, ko zagaye jikin gaba ɗaya, ko labta masa maganin ƙara zuba fiye da kima, duk suna sa ɓawon ya ƙafe. Abin da hakan ya jawo a Afirka yana cikin amsar Kwango da ta Najeriya a ƙasa.

Bayan an kwashe ruwan, me ake yi da shi?

Hanya uku ce. Ko a zuba masa sinadarin amoniya don kada ya daskare, a kai shi masana'anta a tanka, wannan shi ne na safar hannu da balan-balan. Ko a tace shi a faranti, a ɗiga masa ruwan asid ya kama kamar kindirmo, a matse shi a injin murzawa ya zama faifai, a shanya a ɗakin hayaƙi har ya yi ja-ja. Ko kuma a bar shi ya daskare da kansa cikin ƙoƙo, a tara dunƙulen a sayar wa dillali da awo. Ta ukun ita ta fi sauƙi, ita ce kuma ƙananan manoma suka fi bi a Afirka ta Yamma, sai dai kuɗinta bai kai ba, warinta kuwa ba a magana. Tsohuwar hanyar Amazon daban ce, tana cikin amsa ta gaba.

Yaya ranar mai tatsa take a dajin Amazon?

A can ana kiransa seringueiro. Ba gandu yake aiki ba, daji ne wanda Allah Ya shuka, inda itatuwan roba ke warwatse jefi-jefi cikin ɗaruruwan wasu itatuwa. Kowane iyali na da yankinsa da ake kira colocação, wanda kan kai hekta 300 ko fiye, da 'yar bukka a kan turaku. Daga bukkar ake fitar da siraran hanyoyi, yawanci uku, kowacce ta zagaya ta bi itatuwa 100 zuwa 200 ta dawo inda ta faro. Yau a bi wannan, gobe waccan, itatuwan na hutawa.

Yakan tashi cikin dare ya ɗaura poronga, wata fitilar kananzir ta gwangwani da ake kifawa a ka, mai 'yar garkuwa a baya don kada wuta ta lashi gashi. Ya ɗauki wuƙa da bindiga, ya zagaye hanyar yana tsagawa yana maƙala ƙananan ƙoƙunan gwangwani. Ya dawo ya ci abin da ya samu, ya sake zagayawa da bokiti. Tafiyar yini ɗaya kilomita ce masu yawa cikin laka, da sauro da macizai.

Da yamma sai aikin hayaƙi. A wata 'yar rumfa akan hura wuta da ƙwallon 'ya'yan wani irin kwakwa na daji, a kifa mata murhu mai tsinin baki don hayaƙin ya fito ta wuri ɗaya. Sai a gitta sanda a kan hayaƙin, a riƙa kwarara mata ruwan roba ana juyawa, shafi ya bushe a ƙara wani. Kwana da kwanaki ana haka har ta zama ƙatuwar dunƙula baƙa, péla, wadda kan kai kilo 50. Hayaƙin nan ya lalata idanu da huhun mutane da dama. Idan damina ta kankama hanyoyi suka cika da ruwa, sai a ajiye wuƙa a koma tsintar gyaɗar daji da ake kira castanha.

Tunda roba ta yi tsada, me ya sa masu tatsar ba su yi arziki ba?

Bashin kanti. Galibinsu ba 'yan Amazon ba ne, daga arewa maso gabashin Barazil suka zo, musamman jihar Ceará, bayan mummunan farin 1877 zuwa 1879. Mutum kan iso da bashin kuɗin jirgi a wuyansa. Maigidan daji ya ba shi wuƙa, ƙoƙuna, bindiga, garin rogo, gishiri da kananzir, duk a rubuce, a farashin da ya ga dama. Dole kuma shi za a sayar wa roba, a ma'auninsa, bayan ya zaftare wani kaso da sunan ruwan da zai tsane. Wanda ke riƙe da littafin shi kaɗai ya iya karatu. Iyayengiji da yawa har noma suke hanawa, don kada mutum ya daina cin bashi. Sabon zuwa brabo suke ce masa, wato wanda bai horu ba, idan ya shekara ya iya aiki ya zama manso.

Masu tatsar ma ba su zauna haka ba. Sukan cusa dutse ko laka cikin dunƙula don ta yi nauyi, har masu saye suka koma tsaga ta biyu kafin awo. Sukan kuma sayar da wata a ɓoye ga fataken kwalekwale masu bin koguna, waɗanda da yawansu 'yan Sham da Labanan ne.

Kuɗin ya tafi Manaus da Belém, manyan biranen Amazon, da kuma Landan. A Manaus aka gina gidan wasan Teatro Amazonas da marmara daga Italiya, aka buɗe shi a ƙarshen 1896, a tsakiyar daji. Jihar Acre kacokan roba ce ta sa ta zama ta Barazil. A da ƙasar Bolibiya ce, masu tatsa 'yan Barazil suka cika ta, suka yi yaƙi da Bolibiya ƙarƙashin jagoransu Plácido de Castro, sannan a yarjejeniyar Petrópolis ta 1903 Barazil ta biya fam miliyan biyu tare da alkawarin gina layin dogo na Madeira zuwa Mamoré.

Gaskiya ne an yi kisan gilla saboda roba a Kwango da Peru?

Gaskiya ne. A Kwango, wadda Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ya mallaka a matsayin dukiyar kansa daga 1885 zuwa 1908, robar daga wasu tsire-tsire masu yaɗo na daji ake samunta. Aka ɗora wa kowane ƙauye adadin da zai kawo. Wanda ya gaza, bulala, garkuwa da mata, ƙone gidaje, yanke hannu. Mutumin da matarsa ke tsare ba ya da lokacin lallaɓa tsiro, sare shi yake yi ya matse, don haka kullum sai an ƙara nutsawa daji. Masana tarihi na saɓani kan adadin waɗanda suka halaka, amma maganar ta miliyoyi ce. Rahoton jakadan Ingila Roger Casement na 1904 da fafutukar ɗan jarida E. D. Morel suka tilasta wa gwamnatin Beljiyam karɓe ƙasar.

Casement ɗin ne dai aka tura kogin Putumayo, yankin da ke hannun Peru a lokacin, a 1910, inda kamfanin Julio César Arana, mai rajista a Landan, ya mayar da ƙabilun Huitoto da Bora bayi. Rahoton ya fito a 1912. Duk mai son kiran tatsar roba kyakkyawan gado sai ya haɗa da wannan babin.

Yaya itacen Barazil ya koma na Asiya? Sata aka yi?

A 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya tara iri kusan 70,000 a yankin Santarém ya kai lambun Kew a Landan. Ƙasa da 3,000 suka tsiro. Aka aika da dashen Silon, wato Siri Lanka ta yau, wasu 22 kuma suka isa Singafo a 1877. 'Yan Barazil har gobe sata suke kiran abin. Masu kare Wickham na cewa babu dokar da ta hana fitar da irin a lokacin. Ingila dai ta ba shi lambar girma a 1920.

Amma iri kaɗai bai isa ba. A Amazon na wancan zamani da ɗan gatari ake sassara itacen, abin da ke cinye ɓawo da sauri. Henry Ridley, wanda ya zama shugaban lambun Singafo a 1888, shi ya daidaita dabarar fiffigar ɓawo siririya a kan tsaga ɗaya, wadda aka bayyana a amsar yadda ake tatsa. Yakan cika aljihu da iri yana tura wa masu gandun kofi, har suka sa masa laƙabin mahaukaci. A gandu hekta ɗaya na ɗaukar itace 400 zuwa 500 a jere, mutum ɗaya ya tatsi ɗaruruwa kafin hantsi. Mai yawo a daji ba zai iya gasa da wannan ba. Farashi ya kai ƙololuwa a 1910, zuwa 1913 Asiya ta wuce Barazil, Manaus ta durƙushe. Abin mamaki, wuƙar da masu tatsar Amazon ke alfahari da ita yau a matsayin gadon kakanni, dabararta daga Asiya ta komo musu.

Me ya hana Barazil kafa nata gandayen?

Wata cutar ganye ce da ke Kudanci da Tsakiyar Amurka kaɗai. A daji itatuwan na nesa da juna, cutar ba ta samun tsallakawa. Da an jera su sai ta bi ta kakkaɓe ganyen. Henry Ford, mai kamfanin motoci na Amurka, ya gwada a 1928, ya kafa gari guda, Fordlândia, a bakin kogin Tapajós, ya ƙara da Belterra a 1934, a 1945 kamfaninsa ya sayar wa gwamnatin Barazil da komai a kan asara. Yau mafi yawan robar Barazil daga jihar São Paulo take fitowa, inda rani mai sanyi ke karya lagon cutar, kuma duk da haka sai ƙasar ta shigo da wata daga waje. Fargabar masana ita ce ranar da cutar za ta isa Asiya, tunda itatuwan can kusan duk zuriyar 'yan tsirarun irin Wickham ne.

Su wane ne sojojin roba?

Da Japan ta mamaye Malaya, wato yankin Maleshiya ta yau, a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta rasa robar yaƙi, sai ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Getúlio Vargas. Aka kwashi mutum kusan 55,000, akasarinsu daga arewa maso gabas, aka kai su daji da sunan aikin soja, da alkawarin za a mayar da su gida a kuma girmama su. Suka faɗa cikin tsarin bashin da aka bayyana a sama. Dubbai suka mutu da zazzaɓin cizon sauro da shawara da yunwa. Yaƙi na ƙarewa aka manta da su. Sai kundin tsarin mulki na 1988 ya ba waɗanda suka rage fansho, a 2014 kuma aka amince da ba kowannensu diyyar real 25,000 na kuɗin Barazil, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wane ne Chico Mendes, kuma me ya sa aka kashe shi?

Ɗan masu tatsa ne daga Xapuri a jihar Acre, an haife shi a 1944, ya fara bin mahaifinsa daji yana ɗan shekara tara, bai koyi karatu ba sai da ya kusa ashirin. A shekarun 1970 gwamnatin soja ta buɗe Amazon ga masu kiwon shanu daga kudu. Tsofaffin iyayengiji suka sayar da dazuzzuka da mutanen da ke ciki, sababbin masu ƙasa suka zo da injin yankan itace da 'yan bindiga. Daga 1976 masu tatsa suka fito da dabarar da suke kira empate: maza da mata da yara su taru su je inda ake sara, su tsaya gaban itatuwa hannu rabbana, su lallashi leburorin su ajiye inji. A 1980 aka harbe jagoransu Wilson Pinheiro a ofishin ƙungiya a Brasiléia.

A 1985 suka yi babban taro a Brasília suka kafa majalisar masu tatsa ta ƙasa. Buƙatarsu ta bambanta da ta sauran manoma. Ba su nemi a yanka musu filaye ba, domin hanyar roba ba ta bin iyakar gona. Cewa suka yi ƙasa ta zauna a hannun gwamnati, daji ya tsaya, su kuma a tabbatar musu da haƙƙin zama da cin moriyarsa. A 1987 Chico ya je Miami ya yi wa bankin raya ƙasashen Amurka bayanin ɓarnar da titin BR-364 ke jawowa, a shekarar kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo.

Ranar 22 ga Disamba 1988, mako ɗaya bayan ya cika shekara 44, aka harbe shi a ƙofar bayan gidansa zai fita wanka. Kotu ta ɗaure wani mai kiwon shanu da ɗansa shekara 19 kowanne a 1990. A shekarar ce aka kafa dazuzzukan farko irin waɗanda ya nema, ciki har da mai ɗauke da sunansa, kusan hekta 970,000. Abokiyar gwagwarmayarsa Marina Silva, wadda ita ma ta yi tatsa tana yarinya kuma sai da ta shekara 16 ta koyi karatu, ta zama ministar muhalli a 2003, ta sake komawa kujerar a 2023.

In an ce gadon al'ada, mene ne takamaimai abin da aka gada?

Na farko ilimin hannu, wanda ba a koyonsa sai a gindin itace, yaro na kallon babba. Na biyu sanin daji: wane itace ke son hutu, wace hanya ruwa ke cinyewa, wane ganye ke maganin me. Da yawa daga wannan wurin mutanen asali aka same shi, waɗanda kakannin masu tatsar suka kora ko suka aure, kuma sai a shekarun 1980 ɓangarorin biyu suka haɗa kai. Akwai kuma camfe-camfen da ke aikin doka. Masu tatsar Acre na ba da labarin Uwar Itacen Roba, Mãe da Seringueira, wadda ke hukunta mai zurma wuƙa, da wani ɗan aljanin daji mai horon maharbin da ya kashe fiye da abin da zai ci. Ko mutum bai yarda da su ba, zai ga amfanin da suka yi wa itatuwa.

A Maleshiya gadon wani iri ne. Turawa sun kwaso Tamilawa daga kudancin Indiya ta hannun 'yan kamasho da ake kira kangani, suka zaunar da su a dogayen layukan ɗakuna cikin gandu. Kowane gandu da wurin ibadarsa da makarantarsa. Yau an mayar da yawancin gandayen na kwakwar manja ko unguwanni, amma ƙasar na da makarantun firamare na Tamil sama da 500, da yawansu daga can suka samo asali. A gandaye irin waɗannan mata sun yi fice a tatsa, galibi su ake yaba wa laushin hannu.

Ina labarin Afirka da Najeriya? Za a iya nomanta a Arewa?

A tsakiyar shekarun 1890 Legas ta yi tashen fitar da robar wani itacen daji, Funtumia elastica, amma cikin 'yan shekaru aka tatse itatuwan har lahira, kasuwar ta mutu. Daga baya aka kawo Hevea, ta kama a yankin Benin da Sapele, har Najeriya ta taɓa zama kan gaba a Afirka kafin fetur ya ɗauke hankali. Yanzu Kodebuwa ce ke gaba da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. A Laberiya kuma kamfanin taya na Amurka, Firestone, ya karɓi hayar eka miliyan ɗaya na shekara 99 a 1926, a kan santi shida kowace eka, gandunsa na Harbel na nan har yau.

Hevea na son ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara da iska mai danshi, Kano kuwa ko rabin haka ba ta cika samu ba, ga hunturu. Don haka jihohin Edo, Delta, Ondo, Ogun da Kuros Riba ne wurinta. Amma Arewa ba baƙuwa ba ce ga tatsar itace. A zamanin Turawa an yi cinikin danƙon gamji, wanda 'yan kasuwarsu ke kira jar robar Kano. Ga kuma ƙaro daga dakwara a Borno, Yobe da Jigawa, da Nijar, Cadi da Sudan. Shi da rani ake ɓantarar ɓawon, a jira makonni ƙaron ya tsattsafo ya bushe a jiki. Cibiyar binciken roba ta Najeriya da ke Iyanomo kusa da Benin ita ce ma ke kula da binciken ƙaro, tana da reshe a Gashuwa.

Da robar fetur da injina, sana'ar na da sauran kwana?

Robar fetur ta ɗan haura rabin abin da duniya ke amfani da shi, amma ba ta jure zafi da nauyi kamar ta itace, shi ya sa tayar jirgin sama da ta manyan motoci ba sa rabuwa da ta itacen. Injinan tatsa kuma ana ta gwadawa, sai dai kaurin ɓawo ya bambanta daga itace zuwa itace, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na robar duniya daga ƙananan manoma take fitowa, waɗanda ba su da kuɗin inji.

Matsalar farashi ce. A farkon 2011 kilo ya haura dala shida, bayan 'yan shekaru ya faɗo ƙasa da biyu. Matasa a Tailan da Maleshiya sun gwammace aikin birni, gonakin sun dogara da baƙin leburori. A Acre gwamnatin jiha ta kafa dokar tallafin farashi a 1999, kamfanin takalma na Veja ma na sayen robar daji da daraja, duk da haka a cikin dajin da ke ɗauke da sunan Chico Mendes kansa akwai jikokin masu tatsa da suka koma kiwon shanu, don saniya ta fi saurin zama kuɗi ranar da yaro ya kwanta ciwo. A ganina laifinsu kaɗan ne. Wanda ke son su riƙe wuƙa sai ya biya kuɗin da zai riƙe gida.

Ina mutum zai je ya gani da idonsa?

A Barazil akwai gidan katakon Chico Mendes a Xapuri, wanda hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar ta sa cikin jerinta, da gidan tarihin roba a Rio Branco, da wani kusa da Manaus da ake zuwa ta kwalekwale, inda ake nuna kanti da rumfar hayaƙi. A Asiya akwai lambun Singafo, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, da tsohon itacen Kuala Kangsar a Maleshiya da ake dangantawa da dashen 1877. Mafi kusa da mu gonakin da ke kewayen Benin da Sapele ne. A nemi izinin mai gona tukuna, a sa takalmin ruwa saboda macizai, a kuma isa kafin ƙarfe shida na safe, domin wanda ya zo da hantsi ƙoƙuna kawai zai tarar.